Fim ɗin Uwaisu da Kunnen Yaya Marka

Gwarzo, Jihar Kano.
18 ga Satumba, 2005.

Zuwa ga yayata Hajiya Asiya, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

An dakatar da Yaya Marka daga koyarwa a Islamiyyar matan aure ta Durun, kuma fim ɗin ɗanki Uwaisu ne sanadi. Na sa wannan a gaba ne don kada ki fara ji daga bakin masu zuwa Umara, su ba ki rabi su cika da nasu. Babu wanda ya mutu, babu wanda aka kama. Yanzu bari in gaishe ki yadda ya kamata.

Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara duka. Yaya zafin garinku, yaya kuma ciwon gwiwar nan da kika ambata? Allah ya sa kaffara ne, ya kawo sauƙi, ya kai mu watan azumi da rai da lafiya. Mu nan muna godiya ga Allah. Damina ta yi kyau a Getso, gero ya nuna, har an fara girbi a gonar baya, dawa da wake kuma suna tafe. Sai dai mutane sun jigata kafin a kawo nan, don hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, ga ƙarin kuɗin mai da ya sa mota ta gagari talaka. Ni tun da jaridarmu ta rage ma'aikata ina nan Gwarzo, ina aika wa masu so rahoto ɗaya-ɗaya, maiɗakina Rahama kuma tana ɗinkinta. Inna lafiyarta ƙalau a jiki. Sauran bayaninta yana zuwa a ƙasa.

A saƙonki na ƙarshe kin ce a aiko miki da kaset ɗin "yaron nan", don har yau kunyar ɗan fari ba ta barinki ki faɗi sunansa, kin ce matan unguwarku suna ta tambaya. Ga shi na haɗa da wannan takarda a hannun Alhaji Muhammad Nur. Roƙona ɗaya, ki karanta takardar tukuna, kuma kallon farko ki yi shi ke kaɗai.

Sunan fim ɗin Tsagar Kunne. Labarin soyayya ne na ban dariya. Wata budurwa ta rasu ana saura kwanaki bikinta, sai kakarta ta ɗauki aska ta tsaga kunnen gawar, wai don a gane ta in ta dawo. Aka sake haifo ta a wani gida da tsaga a kunnen hagu, ta girma, ta tuna saurayinta na da, ta tashi nemansa. Ta same shi ya tsufa, babu haƙori ko ɗaya a bakinsa, yana sayar da rake a bakin tasha. Ita tana binsa da kalaman soyayya, shi yana gudu yana neman tsari, yana cewa shi fatalwa ba ya ba ta bashi balle aure. A ƙarshe ta auri jikansa, saboda kamarsu ɗaya da kakan lokacin yana saurayi. Akwai rawa da waƙa a cikin ruwan sama, kamar yadda suke yi. Gaskiya in faɗa miki, an yi aikin da kyau, kuma yaron yana da basira. Ni kaina na yi dariya a wurin mai raken kafin in gane inda aka dosa.

Ke kin fi ni sanin inda ya samo labarin, don ni ba a haife ni ba lokacin. Abin da na sani shi ne bayan ke Inna ta haifi mata uku, duk suka koma tun suna jarirai, har aka fara kiranta mai wabi. Da ta ukun ta rasu, tsofaffin gida suka ce ɗa guda ne yake zuwa yana komawa, a yi wa gawar alama a kunne don in ta dawo a gane ta, ta ji kunya ta zauna. Unguwarzoma ta ƙi, Inna ta karɓi askar ta yi da hannunta. Damina ta zagayo aka haifi Yaya Marka da 'yar tsaga a saman kunnen hagu, aka kai ta kan juji aka ɗauko, ta rayu. A gidanmu ba a taɓa zama an yi wannan zance ba. Ni sai da na kai aji uku na sakandare na ji, a bakin Goggo Furera, Allah ya jiƙanta. Ashe Inna ta ba Uwaisu labarin da bakinta, wata rana suna ɓarar gyaɗa, shekarar da ya yi doguwar jinyar shawara a ɗakinta. Ta ba shi ne don ta ƙarfafa masa zuciya, ta nuna masa a gidan nan ana kwanciya a tashi.

Ki sani ni ban yarda wani yana dawowa duniya bayan mutuwa ba, Yaya Marka ma haka, ita da take karantar da wannan a aji. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya, ta ce ana haihuwar yara da irin wannan tsaga ba tare da wani dalili ba. Amma maganar ba ta aƙida ba ce a wurina. Magana ce ta mace da ta binne 'ya'ya a jere tana da ƙuruciya, ta yi abin da manyanta suka ce, ta rufe bakinta shekara kusan arba'in.

Da labarin kawai ya ɗauka, da babu mai ganewa, don ba gidanmu kaɗai aka yi haka ba a ƙasar nan. Abubuwa ne suka haɗu. Saboda tsada bai iya kama gida a Kano ba, sai ya kwaso 'yan wasansa ya kawo su Getso, ya ɗauki fim ɗin a gidan Inna. Durumin ƙofar gida ya fito, rumbu ya fito, jujin bayan katanga ma ya fito. Ya ce mata fim ne na soyayya, ta yi murna, ta dafa musu dambu, har ta ba da aron zanenta saƙi da akushinta. Wadda ta fito a kakar ta ɗaura zanen, ta kwaikwayi tafiyar Inna, ta ɗauki kalmar nan tata ta "ni dai na faɗa" tana maimaitawa. Sannan kin san al'adarsu ta gaishe da mutane a cikin waƙa, inda mawaƙi zai jero sunayen attajirai da masu shagon kaset. To a waƙar ƙarshe, tsakanin wani mai sayar da atamfa da wani mai gidan mai, sai ga mawaƙi yana gaishe da Inna Uwaliya ta Getso tushen labari, da Malama Marka ta Durun mai kunnen asali. Haka aka rera shi, da amshi.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ƙarshen fim ɗin. Da ya kai wa masu tace finafinai, suka ce ba za a saki labarin dawowa duniya haka kawai ba, kuma wannan aikinsu ne, ban ga laifinsu ba. Yana da hanyoyi da yawa na gyarawa. Wadda ya zaɓa ita ce ya mayar da komai mafarki, sannan ya ƙara wata fitowa inda wani malami ya tsayar da kakar a tsakar gida, gaban jama'a, ya kira ta jahila, ya ce abin da ta yi shirka ne, ita kuma ta durƙusa tana kuka da rawar baki irin ta ban dariya. Da wannan fim ɗin ya wuce. Wato don ya tsira da kasetinsa, ya miƙa tsohuwar da ke sanye da zanen Inna.

Makonnin farko dariya ake yi. A gidajen kallo na Gwarzo da Kabo sai an ƙara benci. 'Yan acaɓa suka riƙa tare Malam Jalo, mijin Yaya Marka, suna tambayarsa ko ya bincika babu mijin farko, kada wata rana mai rake ya yi masa sallama. Shi mutum ne mai haƙuri, sai ya ce musu in ya zo ya taho da buhun masara, gida a buɗe yake. A ajinta ma haka. Kunnen nata maza ba su taɓa gani ba, amma ɗalibanta suna ganinsa wajen alwala shekara da shekaru, ba wadda ta kawo komai a ranta. Yanzu sai ga wata ta ɗaga hannu ana tsakiyar darasi, ta ce Malama ta taimaka ta gaya musu nawa ake sayar da tiyar gero a zuwanta na farko. Aji ya fashe da dariya. Yaya Marka ta ce mata a zuwanta na farko masu surutu a aji shara suke yi, ta miƙa mata tsintsiya. Ta ɗauka abin zai wuce a haka.

Bai wuce ba. Wani mai wa'azi da ya zo ranar kasuwa ya ɗauki zancen a lasifika. Bai kama suna ba, amma ya ce akwai makarantar da aka damƙa matan mutane a hannun wadda gidansu ake yanka kunnen gawa, kuma 'yan gidan da kansu suka sa aka rera a waƙa, suna alfahari. Kin san yadda gari yake tun da aka fara shari'a, kowa yana tsoron a ce shi ne mai sakaci. Magidanta suka fara hana matansu zuwa. Kwamitin makarantar ya zauna. Shugabansu dattijo ne da na sani, ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi kada makarantar ta watse. Suka ce ta dakata, kuma hanyar dawowarta ɗaya ce: ta tsaya gaban ɗalibai da mazajensu ta bayyana cewa abin da mahaifiyarta ta aikata shirka ne, ita ba ta tare da shi.

Kin san abin da ajin nan yake a wurinta. Ita ta fara shi a zauren gidanta da mata biyar da allo guda. Allah bai ba ta haihuwa ba, matan nan su ne 'ya'yanta, akwai waɗanda ta koya wa Fatiha suna da jikoki. Alawus ɗin da ake ba ta bai taka kara ya karya ba, shi ma ba kullum yake zuwa ba. Duk da haka ta ƙi. Ta ce musu hukuncin ta sani, ta karantar da shi, za ta sake karantarwa gobe in an so, amma ba da sunan Inna ba. "Mai wasan kwaikwayo ya riga ya durƙusar da ita sau ɗaya," in ji ta. "Ni ba zan yi na biyu ba."

Na je Kano na sami Uwaisu a shagon da suke haɗa hoto. Ya rame, kuma na ga alamar abin ya dame shi, amma bai fahimci girmansa ba. Ya ce shi girmamawa ya yi nufi, don mutane roƙo suke yi a sa sunansu a waƙa, shi kuwa ya sa na kakarsa da na Anti Marka don duniya ta san daga ina ya fito. Game da zanen da kwaikwayon murya ya ce, "Kawu, wasan jika da kaka ne fa. Tun ina yaro nake ce mata amaryata, tana ce min mijin da ba cefane." Na ce masa wasan jika da kaka a tsakar gida ake yinsa, kuma kakar tana ramawa. A kaset ɗin nan wa ya ba ta bakin ramawa? Daga baya ya ce zai cire waƙar a bugu na gaba. Na tambaye shi kwafi nawa ne a kasuwa, ya ce bai sani ba, don masu satar fasaha sun riga sun buga nasu, har Maraɗi an kai.

Mun so mu ɓoye wa Inna, amma a Getso ba a ɓoye abin da yara suke rerawa a bakin rijiya. Ta aiko a ɗauko ta, ta ce sai ta gani da idonta. Muka aro bidiyon maƙwabta, Rahama ta shimfiɗa mata tabarma. Da farko ta yi ta dariya, tana nuna durumi, tana cewa ga akuyarta can ta shiga fim ba a biya ta ba. Da tsohuwar ta fito sai ta ce, "Ai wannan zanena ne." Ta kalli askar, ta ji waƙar da sunanta, ta kalli malamin yana yi wa mai zanenta faɗa har ya gama. Sai ta ce a ba ta buta za ta yi la'asar. Ko azahar ba a daɗe da idarwa ba.

Ranar Alhamis da ta wuce ta ce in kai ta Durun. Na ce ta bari ni in je, ta ce ba ni na riƙe askar ba. Muka shiga akori-kura tare da masu kai kaya kasuwa, aka ba ta gaba. Kwamitin ya karɓe mu a zauren makarantar, aka shimfiɗa mata tabarma a gefe, Yaya Marka tana zaune bayanta. Bayan gaisuwa mai tsawo shugaban ya fara kewaye-kewaye, yana cewa Hajiya ba sai ta wahalar da kanta ba. Ta katse shi a hankali. Ta ce ita ta yi, ba a tilasta mata ba, a lokacin ba ta san harafi ko ɗaya ba, kuma ta daɗe da neman gafarar Ubangiji tun kafin a haifi wasunsu. Ta ce in tsayawa gaban mutane ake so, ita za ta tsaya, a bar 'yarta. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. "Kunnen dama na tsaga. Na Marka a hagu yake. Ba ita ba ce. Waccan tana cikin kabarinta a Getso, ba ta je ko'ina ba."

Wani daga cikinsu ya fara cewa ai ko dama ko hagu hukuncin ɗaya ne, shugaban ya ɗaga masa hannu. Ya ce sun ji, Allah ya saka da alheri, za su sake zama su sanar. Ya rako mu har bakin hanya, yana ta sunkuyar da kai. Da za mu hau mota Yaya Marka ta gyara wa Inna mayafi, ta daɗe tana gyarawa.

A hanyar dawowa Inna tana kallon gonaki, tana cewa dawar mutanen Kabo ta fi tamu tsayi bana. Sai da muka kusa gida ta ce min, ba tare da ta juyo ba, "Hambali, duk shekarun nan, 'ya'ya biyu nake ƙirgawa na rasa. Yau na binne ta ukun." Tun ranar tana cin abinci, tana salla, tana amsa gaisuwa, amma ta sa an ɗauke zanen nan daga ɗakinta, kuma ta daina cewa "ni dai na faɗa". In ta zo bakinta sai ta haɗiye. Uwaisu ya zo shekaranjiya da lemo da sabulu, ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce amarya ta yafe wa angonta. Ta ce masa, "Sannu da zuwa, Malam Uwaisu. Ya hanya?" Ta yi masa addu'a, ta sa aka kawo masa fura. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Na same shi a gindin durumi yana share ido.

Yaya, kin san halina, ba na rubuta abin da ban bincika ba. A wannan magana abu ɗaya na bari ban bi ba, wato ko kunnen dama ne ko na hagu. An ce ke kika riƙe ƙwaryar ruwa da safiyar ranar, kina 'yar shekara takwas, kuma duk waɗanda suke ɗakin sun rasu sai ke da ita. Ba tambayarki nake yi ba. In kin tuna, ki riƙe a ranki, kada ki rubuto min, kada kuma ki gaya wa Yaya Marka ko da ta tambaya. Abin da Inna ta faɗa a zaure shi ne ya tsaya. Abin da nake so ki yi shi ne ki ɗauki murya a kaset kamar yadda kika saba, ki aiko wa Inna, ki yi mata hirar duniya, ki tambaye ta akuyarta, kada ki ambaci fim. Shi kuma yaron ki yi masa magana da kanki. Ba na so ki yi masa baki, bai yi da mugun nufi ba, kuma abin da yake gani a fuskar kakarsa ya ishe shi. Ki dai gaya masa labarin da aka ba mara lafiya a ɗaki ba na sayarwa ba ne.

Ki gaishe min da Alhaji da kyau, da Kamila da Murja da ƙannensu, Allah ya yi musu albarka. Ki gaishe da Hajiya Asta maƙwabciyarki, ki ce turaren ya iso. Rahama tana gaishe ki, ta ce ɗinkinki yana nan sai an sami mai tafiya bayan salla. Malam Jalo yana gaisuwa. Inna ta ce in kin je Harami ki yi wa 'ya'yanta addu'a, ta ce ki ambaci uku.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Hambali.

Na rufe takardar ke nan sai ga Malam Jalo daga Durun. Ya ce ana faɗi a gari cewa kwamitin ya zauna jiya, ya ba wata malama ajin Yaya Marka, wai riƙo ne zuwa bayan azumi. Bai ji daga bakin ɗan kwamiti ko ɗaya ba, kuma har ya baro gida babu wanda ya aiko mata da saƙo.